Alhaji Alhassan Ɗantata: Marayan da Gadonsa Ya Salwanta, Asara Ta Koya Masa Fatauci

Idan aka ambaci marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa, labarin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne na raƙuma ashirin da suka ɗauki kuɗin azurfa zuwa bankin Turawa, wato Bank of British West Africa, a shekarar 1929 da bankin ya buɗe reshensa a Kano. Daga nan sai dalar gyaɗa, sai kuma zuriyarsa, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya fito daga cikinta ta wajen mahaifiyarsa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai mai raƙuman nan ya haura shekara hamsin a duniya ranar da aka sauke musu kaya a ƙofar banki, kuma rabin farko na rayuwarsa asara ce ke bin asara. Wannan rabin ne ya fi cancantar a karanta wa yara a gida, domin a cikinsa ne aka ƙera mutumin.

An haife shi a Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne. Agalawa kuwa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalin daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Ayari ya taso daga Madobi zai tafi Gwanja, haihuwa ta kama ta a zangon Bebeji, kuma bayan Madugu ya komo daga wannan tafiya sai ya mai da gidansa can. Yaro ne da aka haifa a kan hanya, a gidan wadata, wanda kowa zai zaci an riga an share masa fage.

Wajen shekarar 1885 Madugu Abdullahi ya rasu, Alhassan yana da kamar shekara takwas. Aka raba gado bisa shari'a, kowane ɗa ya sami rabonsa. Amarya ta tashi zuwa Akra, garin da fatake ke kira Ankara, inda take da harkokin ciniki, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Sunan wannan tsohuwa ne ya bi yaron, har ya zama sunan da ake rubutawa a jikin kamfanoni da motoci yau. Abin lura ne cewa gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Arewa bai ɗauki sunan madugu ba, sunan baiwar da ta yi reno ya ɗauka.

Rabon gadon Alhassan bai kai shi ko'ina ba. Kafin ya mallaki hankalin kansa dukiyar ta narke, ya zama almajiri a makarantar allo ta Bebeji, yana neman abin da zai ci da ƙarfinsa. Ɗalibin fiƙihu zai tuna cewa Alƙur'ani mai girma ya tsananta a kan dukiyar maraya a farkon Suratun Nisa'i, kuma aya ta 6 ta yi umarni da a jarraba marayu, a ga hankalinsu ya nuna, kafin a miƙa musu abin da yake nasu. Malamai sun fassara wannan jarrabawa da ba yaro ɗan abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi da shi. Alhassan bai sami wannan gata daga wurin wani waliyyi ba. Rayuwa ce ta jarraba shi da hannunta, ba tare da sassauci ba. Abin da ya samu shi ne Tata, wadda ta sa shi ya riƙa ajiye wani abu daga duk ɗan abin da ya samo, ta kuma saya masa asusu. Yaron da ya ga dukiya mai yawa ta tafi ba tare da an san inda ta bi ba, ya fara koyon ƙidayar wuri ɗaya-ɗaya.

Da ya kai kamar shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da rabi a hanya, ya ƙarasa sauran a Akra. Wannan ita ce gwajinsa na farko, kuma tsarinta ya nuna irin tunanin da zai rayu da shi: bai zuba kayan duka a kasuwa ɗaya ba, ya raba su don ya ga inda farashi ya fi. Tafiyar kanta makaranta ce. Ayarin goro yakan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ana biyan kuɗin fito da na sarakunan hanya, ana tsoron 'yan fashi. Goro kuma kaya ne mai rai. Sai an naɗe shi cikin ganye, a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata na kusa da shi. Falken da ya yi sakaci kwana kaɗan zai isa Kurmi da ruɓaɓɓen kaya.

Yaron ya isa Akra yana sa ran hutu a gidan uwa mai arziki. Kwana ɗaya ta bar shi ya huta, sannan ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawarsa. A can ya yi karatu, ya yi bara don kansa da malaminsa, ya yi aikin ƙwadago ranakun Alhamis da Juma'a, mafi yawan ladan kuma na malam ne. Mai karatu na iya ganin tsaurin wannan uwa ya yi yawa, ni ma ina ganin haka. Amma mace ce da ta ga yadda dukiyar mijinta ta watse a hannun da ba su sha wahalar tara ta ba, kuma da alama ba ta so a maimaita da tata. Ko mene ne nufinta, Alhassan ya komo Bebeji da sanin hanya, da sanin bakin teku, da kuma fahimtar cewa babu wanda zai ɗauke masa nauyin kansa.

Bai daɗe da komowa ba ƙasar Kano ta kama da wuta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi, suka fita zuwa Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Agalawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da ya sha kashi, domin Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894 bayan rasuwar Yusufu. A cikin wannan rikici aka kama Alhassan da 'yan'uwansa biyu, aka mai da su bayi. Ɗan madugu, wanda baiwa ta rena, ya wayi gari shi ma ana yi masa kuɗi. Da fansa suka kuɓuta, suka koma Bebeji.

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Mutanen Wonaka da Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Gusau ba sa buƙatar a fassara musu kalmar fansa. A shekarun nan gidaje da yawa sun sayar da shanu da gona da babur don karɓo ɗan'uwa daga daji, kuma wanda aka karɓo yakan komo ya tarar jarin da aka yi shekaru ana tarawa ya tafi a dare ɗaya. Irin wannan asara tana kashe zuciya fiye da faɗuwar farashi, domin mutum bai yi kuskuren lissafi ba, zalunci ne ya afka masa. Saurayin da zai zama attajirin Kano ya bi ta wannan ƙofa yana ɗan shekara goma sha bakwai ko kusa da haka. Karo na biyu ke nan da ya koma babu, kuma ya sake farawa.

Musulunci bai bar mai sake farawa ba tare da abin koyi ba. Abdurrahman bin Auf, Allah Ya ƙara masa yarda, ya bar dukiyarsa a Makka ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu bin Rabi'i, wanda Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya yi masa tayin rabin abin da ya mallaka, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya fara da cuku da man shanu. Abin da aka ƙwace masa a Makka kaya ne, sanin ciniki kuwa yana tare da shi. Haka lamarin yake ga Alhassan. Waɗanda suka kama shi sun iya raba shi da abin hannunsa, amma hanyar Akra da ya haddace, da mutanen da ya sani a can, da iya riƙon goro, duk sun komo Bebeji tare da shi.

Da ƙura ta lafa, sai ya dubi sana'ar iyayensa da idon wanda ya sha wuya. Tsohuwar hanyar Gwanja tana mutuwa. Tun da Ingilishi suka ci Asante a 1874 kasuwar Salaga ta fara raguwa, yaƙin cikin gida na 1892 ya ƙarasa ta, Turawan Ingila da Faransa da Jamus kuma suna ta yanka iyakoki a kan hanyar ayari, kowa da harajinsa. Fatake da yawa suka ci gaba da bin sawun kakanninsu don ita suka sani. Alhassan ya juya kudu. Ya bi hanyar Ibadan da Ikko, ya riƙa sayen goro a Kumasi, ya ɗora shi a jirgin ruwa daga Sekondi ko Akra zuwa Ikko, sannan a yi arewa da shi. Ana lissafa shi cikin fataken Kano na farko da suka yi haka. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne Bahaushen da ya tashi a bayan jaki ya miƙa huhunan goronsa ga jirgin da ba ya iko da shi, a kan ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Amma lissafin a fili yake: kwanakin tafiya sun ragu, goron da ke lalacewa ya ragu, kuɗin hanya ya ragu, kuma jari yana juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya.

A 1903 Turawa suka ci Kano, bayan sun fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarsu. Wajen 1906 ya faɗaɗa cinikinsa zuwa duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, don kada jirgi ya tafi da kaya ya komo wayam, kada kuma arzikinsa duka ya rataya a kan goro. Mahaifiyarsa ta rasu a Akra wajen 1908, daga nan ya tattara hankalinsa a kan Ikko da Kano.

Sai zancen gyaɗa, wanda a cikinsa ne halinsa ya fi bayyana. Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, ta iso a 1911, aka buɗe ta ga kaya a 1912, kuma babban burinsu auduga ce don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ƙasarsu mai jigawa tana karɓarta, idan kasuwa ta ƙi ana iya cin ta, mata kuma suna matse mai su yi ƙuli-ƙuli. A Turai ana neman man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu. Abin da aka fitar daga Nijeriya ya tashi daga kamar tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, har tashar jirgi ta cika ta batse. Gwamnatin da ta zo da injiniyoyi da taswira ta yi hasashe ta kuskure, manomi mai fartanya ya gyara mata.

Kamfanonin Turawa sun nemi dillalai ta hannun Sarki Abbas da Adamu Jakada, manyan fatake irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suka shiga tun da wuri. Ɗantata bai zama wakilin kamfani a wannan zagaye na farko ba. Shekarun da suka biyo baya kuwa masu tsanani ne. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Hausa a 1914, a shekarar kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, jiragen ruwa suka yi ƙaranci, kamfanonin Jamus suka fice. Hausawa suna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai a 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya saya masa gyaɗa, ya amsa. Ya shigo da abin da waɗansu ba su da shi: ya ga yadda dillalan koko suke aiki da Turawa a bakin tekun Gana, yana jin ɗan Turanci, yana da jarin kansa, yana kuma da yaran da suka san ƙauyuka tun zamanin goro. Farashi ya faɗi warwas a 1920 zuwa 1921, ya tsallake. Zuwa 1922 shi ake kira mafi arzikin 'yan kasuwar Kano. Wanda ya zo daga baya ya wuce waɗanda suka riga shi.

Idan aka tambayi abin da ya riƙe shi, amsar ba ta da ƙyalli. Lissafi ne. Yana da mai kula da kuɗi, Alhaji Garba Maisikeli. Ya yi suna da tsimi da sauƙin rayuwa, yana cin abinci tare da yaransa na aiki. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sau nawa muke ganin 'yan'uwa biyu sun haɗa jari a kasuwar Gusau ko ta Tsafe ba takarda ba shaida, sai an yi asara a rasa wanda zai faɗi inda kuɗin ya bi? Wanda bai rubuta ba, ko ya faɗi ba zai san abin da ya kayar da shi ba, gobe kuma zai sake taka wurin. Asara ba ta karantar da kowa. Tana karantar da wanda ya zauna ya bi sawunta.

Tsarin sayen gyaɗa ya dogara ga ba da kuɗi tun kafin kaka. Kamfani ya ba babban dillali, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauye. Fiƙihun Malikiyya ya san irin waɗannan ma'amaloli, ya yi musu babi a Risala da Muhtasar: salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya bisa sharaɗin a san mudu da siffa da lokaci, da ƙiradi, inda ɗaya ke kawo jari ɗaya ke juya shi a raba riba. Sharuɗɗan nan an sa su ne don kare mai rauni. Ba kuma za a ɓoye ba cewa zamanin gyaɗa gaba ɗayansa bai yi wa manomi adalci kullum ba. Farashi daga Turai ake yanke shi, haraji da kuɗin Bature ake biya, kuma manomin da ya rage gero don gyaɗa yakan ji a jikinsa idan damina ta gaza. Wannan ciniki ya iso ƙasar Zamfara da ƙarfinsa bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, Gusau ta zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga. Kakannin masu karanta wannan shafi da yawa sun san sikeli da ɗan kwamisho.

Ko a wajen ibada ya gwada sabuwar hanya. A lokacin da mafi yawan alhazan ƙasar Hausa suke tafiya a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma ba sa komowa, shi ya tafi hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya bi ta Ingila, inda aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Daga baya ya biya wa mutane da yawa kuɗin hajji, kuma ɗansa Mahmudu ya kafa kamfanin jigilar alhazai a ƙarshen shekarun 1940.

Bayan arziki ya zauna ma ƙofofi ba su daina rufuwa a gabansa ba. A 1929 Niger Company ta haɗe da wani kamfani aka sami UAC, wanda ya danne cinikin ƙasar, a shekarar kuma tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa ya zube a shekarun 1930. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da kansa, kafaɗa da kafaɗa da UAC, aka hana shi, aka kafa hujja da dokokin lokacin yaƙi. Mutumin da ya fi kowa sayen gyaɗa a Kano ya ci gaba da zama ɗan tsakiya a ƙasarsa. Ya jira fiye da shekara goma, yana faɗaɗa harkar sufuri da sauran kayayyaki, sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya sami lasisin sayar wa hukumar cinikin amfanin gona kai tsaye. Yana da shekara saba'in da shida a lokacin. A tsakanin nan, a 1949, ya sa dukiyarsa cikin Kano Citizens' Trading Company, wanda attajiran birni suka haɗu suka kafa don gina masaƙar zamani, abin da babu ɗayansu da ya taɓa yi. Buhunan da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa da wuri kuwa, su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa, kowace tana ɗaukar buhu wajen 15,000, kuma sunansa ake fara ambata idan ana zancen wanda ya fara tara su haka.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Ya kira Garba Maisikeli da 'ya'yansa, cikinsu akwai Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu. Wasiyyarsa ta fi karkata ga abu ɗaya: kada su rarraba, kada su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya rushe. Ya kuma hore su da su guji rigima da sauran attajiran Kano, su riƙe dangi, musamman matalauta daga cikinsu. Mutumin da ya ga dukiyar mahaifinsa ta tarwatse yana ɗan shekara takwas, shekara saba'in bayan haka abin yana ransa. Bayan kwana uku ya rasu cikin barcinsa, ranar Laraba 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano.

Gyaɗar da ta ɗaukaka sunansa ba ta daɗe sosai a bayansa ba. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya kau da hankalin gwamnati daga noma, suka share dalar daga filayen Kano. Kafin lokacin 'ya'yansa sun riga sun shiga gine-gine da sufuri da masana'antu. Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya jiƙan Amarya da Tata, Ya kyautata namu zuwan.